Ramin Kwatan Inci: Yadda Tsatsa Ta Ci Bututan Wani Filin Mai a Arewacin Alaska

Nazarin nan ya bi diddigin matsala guda a wuri guda: bututan da ke ɗaukar ɗanyen mai daga babban filin mai na Prudhoe Bay da ke ƙarshen arewacin jihar Alaska ta Amurka. Kamfanin BP, wanda ke gudanar da filin a 2006, yana da sashe sukutum na yaƙi da tsatsa, da injiniyoyinsa da 'yan kwangilarsa da kasafin gomman miliyoyin daloli duk shekara. Duk da haka, a 2006 tsatsa ta huda bututansa sau biyu cikin wata biyar, har aka kai ga rufe rabin filin.

## Wurin da bututan, 1968 zuwa 1977

An gano man filin a 1968, a bakin tekun Beaufort, inda rana kan ɓace kusan wata biyu cur a tsakiyar hunturu. Babu filin mai da ya kai shi girma a nahiyar Amurka ta Arewa. Mai ya fara gudana a watan Yunin 1977, bayan an kammala babban bututun Trans-Alaska mai faɗin inci 48 da tsawon mil 800, wanda ya keta jihar daga arewa har tashar jiragen ruwa ta Valdez a kudu.

Abin da rijiya ke fitarwa ba mai ba ne zalla. Gauraye yake da ruwan gishiri da iskar gas da yashi. Saboda haka aka gina cibiyoyin rarrabewa guda 6, uku a yammacin filin, uku a gabashinsa. A nan ake cire ruwa da gas, sai man da aka tace ya shiga manyan bututan miƙawa, su kai shi tashar farko ta famfunan tura mai ta Trans-Alaska. Tsawon waɗannan bututan gaba ɗaya kimanin mil 22 ne. Na yamma faɗinsa inci 34, kaurin bangonsa kuma kusan milimita 9 da rabi.

Ƙasar wurin daskararriya ce rani da damina, man kuwa da ɗuminsa yake tafiya. In aka binne bututu, zai narkar da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya lotsa. Don haka aka ɗora bututan a kan ƙafafun ƙarfe, aka naɗe su da abin riƙe zafi, aka rufe da kwano. Sai dai garken karibu, wato barewar ƙasashen ƙanƙara, suna da hanyoyin kiwonsu tun kafin zuwan mai. A wasu wurare aka yi musu mahaya: bututun ya bi ta cikin kwalbati, aka zuba tsakuwa a bisa.

Tun daga farko akwai fahimtar da kowa ya tafi a kanta. Tsatsa sai da ruwa, su kuwa bututan miƙawa man da aka riga aka cire wa ruwa suke ɗauka. Aka sa su a sahun masu ƙaramin haɗari. Doka ma haka ta ɗauke su: matsin da suke aiki da shi bai kai kashi 20 cikin 100 na abin da ƙarfensu zai iya jurewa ba, kuma a lokacin dokokin tarayya na lafiyar bututu ba su hau kan irin waɗannan ba idan suna nesa da gari.

## Yadda ake tsaron bututan

Hankalin sashen tsatsa ya fi karkata ne ga ɗaruruwan mil na bututan da ke tsakanin rijiyoyi da cibiyoyin rarrabewa, domin su ke ɗauke da ruwa da gas da yashi, kuma a nan aka saba ganin ɓarna. Akwai kuma matsalar ruwan da ke kutsawa ƙarƙashin rufin bututu a wuraren walda ya ci ƙarfe ta waje, wadda ita ma ta ci kuɗi da lokaci mai yawa.

A bututan miƙawa an dogara ne da abu uku. Na farko maganin hana tsatsa, sinadarin da ke manne wa bangon ƙarfe ya yi masa shamaki da ruwa. Ba a cikin bututan miƙawa ake zuba shi kai tsaye ba. A can sama ake zubawa, ana sa ran ragowarsa za ta biyo man ta wadatar. Na biyu fallen gwaji. Ɗan fallen ƙarfe ne da ake aunawa a sikeli, a zura shi cikin bututu ta wata ƙofa, a bar shi wasu watanni, a ciro a wanke a sake aunawa. Nauyin da ya rasa shi ke nuna saurin cin ƙarfe. Ma'aunin da kamfanin ya ɗora wa kansa shi ne kada cin ya wuce kimanin milimita 0.05 a shekara, kuma fallayen bututan miƙawa suna dawowa da sakamako mai kwantar da hankali. In aka bi wannan lissafi, bangon milimita 9 da rabi zai kusan shekara 190 kafin ya huje.

Na uku awon kauri. Ma'aikaci zai yaye rufin bututun a wani wuri da aka zaɓa, ya ɗora kan na'ura a jikin ƙarfen, ta aika sautin da kunne ba ya ji, ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo daga bangon ciki. Awo ne mai kyau ƙwarai, amma labarin gurbin da aka ɗora na'urar kaɗai yake bayarwa. Taku ɗaya gaba, ba ta san abin da ke can ba.

Akwai hanya ta huɗu, wadda ba a cika amfani da ita a waɗannan bututan ba. Ana saka magogi a bakin bututu, wani dunƙulen ƙarfe mai faifan roba da burushi wanda ya cika faɗin bututun daidai, man ya tura shi har ƙarshe yana kankare bango yana kora laka a gabansa. Bayan an share, sai a tura na'urar leƙen ciki. Ita kuma maganaɗisu masu ƙarfi take ɗauke da su, kuma duk inda bango ya sirance, tana gane shi ta yadda ƙarfin maganaɗisun ke ɓullewa, ta rubuta wurin da zurfinsa tun daga farkon bututu har ƙarshensa. Masu kula da babban bututun Trans-Alaska suna tura magogi kusan duk mako biyu, na'urar leƙen ciki kuma duk shekara uku. A bututun miƙawa na yamma, rabon da a tura ta tun 1998. Na gabas kuwa tun farkon shekarun 1990, lokacin wani kamfani daban ke riƙe da wannan ɓangaren. A wancan karon ɓawon da magogi ya kankaro ya toshe matatan tare datti da ke tashar farko, kuma ba a sake ba. A shekarar 2000 ɓangarorin biyu suka dawo hannun kamfani ɗaya, tsarin bai canza ba.

Wanda ya san aikin bututu zai tambayi kariyar lantarki da ake yi wa bututan da aka binne. Wannan bayan bututu take karewa daga ƙasa mai laima, ba ta da tasiri a kan abin da ke faruwa a ciki.

## Man ya ragu, 1988 zuwa 2005

A ƙarshen shekarun 1980 filin yana ba da kimanin ganga miliyan ɗaya da rabi a rana. Daga nan ya kama gangara. Zuwa 2006 abin da ke fita bai wuce ganga dubu 400 ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dā, amma har a lokacin kusan kashi 8 cikin 100 ne na man da Amurka ke haƙowa a gida.

Bututan kuwa suna nan da faɗinsu na 1977. Mai kaɗan a bututu mai faɗi tafiyar hawainiya yake yi. Kogi da damina yakan kwashe yashinsa ya tafi da shi, amma da rani in gudunsa ya mutu sai ya zube shi a gindi. Haka ɗan ruwan da ya tsallake cibiyar rarrabewa da ɗan yashin da ya biyo shi suka daina wucewa da man, suka riƙa kwanciya a ƙasan bututu, musamman a wuraren da bututun ya ɗan yi kwari.

Abin da ke shiga cibiyoyin ma ya canza. Tsohon fili ruwansa ƙaruwa yake yi. Tun 1984 ake tura ruwan teku cikin ƙasa don a ƙara wa rijiyoyi ƙarfi, ruwan teku kuma yana ɗauke da gishirin salfet, abincin wasu bakteriya masu cin ƙarfe. A farkon shekarun 2000 kuma aka ƙara haƙo wani mai mai kauri daga duwatsun da ba su da zurfi sosai, ana kai shi ɗaya daga cikin cibiyoyin yamma. Wannan man yana da wuyar rabuwa da ruwa, yana kuma zuwa da yashi mai laushi, saboda haka abin da ke tsallakewa zuwa bututun miƙawa ya ƙaru.

A 2005 awon kauri ya fara nuna cewa cin ƙarfe ya ƙara sauri a wasu gurabe na bututun yamma. Aka ƙara wuraren awo, aka sa aikin na'urar leƙen ciki a jadawalin 2006.

## Ranar 2 ga Maris 2006

Da asubar ranar, wani ma'aikaci da ke zagaye a mota a hanyar da ke gefen bututun yamma ya ji warin ɗanyen mai. Ido bai ga komai ba da farko, domin man ya bi ta ƙarƙashin dusar ƙanƙara ya malale. Da aka tona sai aka tarar da shi ya mamaye kusan eka 2, har ya kai bakin wani daskararren tafki.

Tushen yoyon yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin mahayan karibu, inda bututun ke cikin kwalbati, wurin da mai awon kauri ba ya iya kai hannunsa sai an kwashe tsakuwa. Ramin a gindin bututun yake, faɗinsa kimanin kwatan inci, wato milimita 6. An ƙiyasta cewa ya yi kusan kwana 5 yana zuba. Ƙididdigar ƙarshe ta tsaya a galan 212,252, sama da ganga dubu 5, fiye da lita dubu 800. Ba a taɓa samun malalar mai da ta kai wannan a yankin arewacin Alaska ba.

Bututun yana da tsarin gano yoyo. Yana kwatanta man da ya shiga da wanda ya fita, kuma ƙa'idar jihar ta ce ya iya gano asarar da ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke wucewa a rana. Wannan yoyon sannu a hankali yake zuba, bai sa an tsayar da bututun ba har sai da hancin mutum ya gano shi.

Aikin kwashewa ya ɗauki kusan wata biyu cikin sanyi mai tsanani, har wasu lokutan sai an janye ma'aikata su ji ɗumi su dawo. Aka zuƙe man da ke kwance da motocin zuƙa, aka kwashe ƙanƙarar da ta gurɓata aka narkar aka tace, aka kankare saman ƙasa da ciyawarta aka sake shimfiɗa wata. Daskarewar ƙasar ta taimaka, domin ta hana man nutsewa.

## Abin da aka tarar a ciki

Tun da ramin a ƙarƙashin tsakuwa yake, ana iya zaton ruwa ne ya taru a kwalbati ya ci ƙarfen ta waje. Da aka yanko wannan sashen aka duba, sai aka ga daga ciki cin ya faro. A gindin bututun akwai laka mai kaurin kusan inci 6, a ƙarƙashinta kuma ramuka ne a jikin ƙarfen, wasu ƙanana, wasu masu zurfi, alhali sauran bangon, gefe da sama, lafiyarsa ƙalau.

Yadda abin ke faruwa sananne ne ga masana. Laka in ta kwanta tana riƙe ruwa a jikin ƙarfe dare da rana. Babu iska a wurin, ga ɗumi, ga abinci. Bakteriya sai su kafa sansani, su yi wata yauƙi da ke manne da bango. Wasunsu suna cin salfet suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wasu suna fitar da asid. Ba sa cin bango bai ɗaya. Wuri guda suke kamawa su yi ta haƙa, kuma da zarar rami ya fara zurfi, ruwan da ke cikinsa yakan ƙara tsami, haƙar ta ƙara sauri. Rami irin wannan yana iya ratsa bango cikin 'yan shekaru, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Lakar ce kuma ta raba kayan kariya da ƙarfen. Maganin hana tsatsa sai ya taɓa bango yake aiki, a nan kuwa ƙwayoyin yashi ne ke shanye shi tun kafin ya isa. Fallen gwaji yana rataye ne a cikin man da ke gudu, inda babu ruwa kwance, inda magani ke isa gare shi. Abin da yake faɗa gaskiya ne game da inda yake. Awon kauri kuma sai an dace an ɗora na'urar daidai kan rami, a bututu mai tsawon mil da mil.

## Umarni da jinkiri, Maris zuwa Yuli 2006

Ranar 15 ga Maris, hukumar tarayya mai kula da lafiyar bututu, PHMSA, ta ba kamfanin umarnin gyara. Duk da cewa bututan ba sa ƙarƙashin dokokinta na yau da kullum, tana da ikon shiga idan ta ga haɗari. Umarnin bai tsaya kan bututun da ya huje ba, ya haɗa da na gabas: a share su da magogi, a tura na'urar leƙen ciki cikin wata uku.

Binciken cikin gida na kamfanin ya fi karkata ga cewa matsalar ta sashen yamma ce, saboda man nan mai kauri da ke bi ta cikinsa. Ya fara zuba maganin tsatsa kai tsaye a bututan, ya ƙara yawan awon kauri, kuma awon bai nuna wani abin tashin hankali a gabas ba.

Wa'adin wata uku ya cika ba a gama ba. Lakar ce ta tare hanya. Bututun da ya shekara goma sha wani abu ba a share ba, babu wanda zai iya cewa ga yawan abin da magogi zai turo. Yana iya maƙalewa a tsakiya ya toshe bututun. Masu Trans-Alaska kuma ba su yarda a turo musu tarin laka cikin matatansu da famfunansu ba, sai da aka shirya hanyar karkatar da ita zuwa tanki. Na'urar leƙen ciki ita ma ba ta karatu daidai a kan bango mai datti. A ƙarshen Yuli ne aka samu aka tura ta a wani sashe na gabas mai faɗin inci 30 da tsawon kusan mil 3.

## Agusta 2006

Sakamakon ya iso a farkon Agusta: tabo 16 a wurare 12, wasu bangonsu ya cinye fiye da kashi 70 cikin 100. Ma'aikata suka je yaye rufi don su tabbatar da ido, sai suka tarar rufin ya jiƙe da mai, bututun ya riga ya fara ɗiga. Abin da ya zuba bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na Maris, kimanin ganga 23 ne. Sai dai a gabas yake, inda man mai kauri ba ya bi.

Ranar 6 ga Agusta kamfanin ya ba da sanarwar zai rufe filin gaba ɗaya. Washegari farashin ganga ya tashi da fiye da dala 2, ya kusan dala 77. Jihar Alaska, wadda mafi yawan kuɗin shigarta daga mai ne, ta ƙiyasta asarar dala miliyan 6.4 a kullum, Gwamna Frank Murkowski ya dakatar da ɗaukar ma'aikata.

Bayan 'yan kwanaki aka sassauta. An baza ma'aikata suna yaye rufi suna awon kauri a dubban gurabe a bututun yamma, an sa masu sintiri dare da rana, har da kyamarorin da ke gane zafi. Da wannan aka bar yamma ta ci gaba da aiki, gabas ta tsaya. Kusan rabin man filin ke nan ya tsaya.

## Gyara, Satumba 2006 zuwa ƙarshen 2008

A ƙarshen Satumba hukumar ta yarda a sake buɗe wani sashe na gabas, domin magogi ba ya tafiya sai da man da zai tura shi. Aka share, aka tura na'urar leƙen ciki, aka gyara wuraren da ta nuna. Sassan da suka lalace aka kewaye su, aka haɗa cibiyoyinsu da wasu bututai na kusa masu lafiya. Kafin shekarar ta ƙare man filin ya koma yadda yake.

Wannan duk na wucin gadi ne. Tun a Agusta kamfanin ya ce zai sauya mil 16 daga cikin mil 22. Aikin ya fi yiwuwa da hunturu, lokacin da ake iya shimfiɗa hanyar ƙanƙara manyan motoci su bi ba tare da sun lalata ƙasa ba, don haka ya ci hunturu biyu. An kammala a ƙarshen 2008 a kan kusan dala miliyan 500.

Sababbin bututan ba kwafin tsofaffin ba ne. An rage faɗinsu domin man ya yi gudun da zai tafi da ruwa da yashi. An gina musu wuraren saka magogi da ciro shi na dindindin, shara ta shiga jadawali. An sa wuraren zuba magani a jikinsu, da sabon tsarin gano yoyo, an kuma ɗaga su sama yadda dabba za ta wuce ta ƙasa, mai awo kuma ya kai ga gindinsu.

## Majalisa, kotu da doka, 2006 zuwa 2012

Ranar 7 ga Satumba 2006 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya zauna kan lamarin. Tsohon shugaban sashen tsatsa na kamfanin ya ƙi amsa tambayoyi, bisa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. A zaman watan Mayun 2007 aka fito da wasiƙun cikin gida da ke nuna matsin rage kashe kuɗi na shekaru, har da shawarwarin rage zuba magani a wasu bututan filin don kasafi ya daidaita.

A Disambar 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta umarci PHMSA ta shigar da bututai masu ƙaramin matsi ƙarƙashin kulawarta, aka aiwatar a mataki biyu, 2008 da 2011. A ƙarshen 2007 kamfanin ya amsa laifin sakaci a ƙarƙashin dokar tsaftar ruwa, ya biya dala miliyan 20, aka sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara uku. A Mayun 2011 ya amince da tarar dala miliyan 25, da kuma kafa tsarin kula da lafiyar bututansa na mil 1,600 a yankin, wanda aka ƙiyasta zai ci dala miliyan 60, tare da mai sa ido daga waje. A 2012 masu sasanci suka yanke a biya jihar Alaska dala miliyan 255, mafi yawa saboda kuɗin man da ta rasa.

## Abin da nazarin ya nuna

Ba za a ce ba a sa ido a kan bututan nan ba. An sa, kuma kayan da aka yi amfani da su ba su yi ƙarya ba. Laifin shi ne duk ukun suna kallon wurin da matsalar ba ta nan. Magani, falle da awon gurbi-gurbi sun dace da cin ƙarfe na bai ɗaya a bututu mai tsafta. Ciwon da ke akwai kuwa ramuka ne a ƙarƙashin laka, kuma magogi da na'urar leƙen ciki kaɗai ke kai wa gare shi. Su ne kuma aka ajiye. Saboda haka kowane kyakkyawan sakamako da falle ya kawo sai ya zama hujjar ƙara ɗage shara, kowace shekarar da aka ɗage kuma lakar na ƙaruwa, sharar na ƙara wuya da tsada da ban tsoro. Abin da ya faru a gabas a farkon shekarun 1990 ya fi komai damu na. Magogi ya turo datti har ya toshe matata, wato bututun ya nuna ƙarara cewa yana tara datti. Darasin da aka ɗauka shi ne shara na jawo matsala.

Fahimtar 1977, cewa man da aka tace ba ya cin ƙarfe, daidai take a zamaninta, lokacin da bututan ke cike mai na gudu. Sharuɗɗan da suka sa ta zama gaskiya sun zube ɗaya bayan ɗaya cikin shekara 20: gudu ya ragu, ruwa ya ƙaru, salfet ya shigo, yashi ya ƙaru. Duk waɗannan alƙaluma suna hannun kamfanin, a ofisoshi daban-daban. Ba a zauna an haɗa su an sake tambayar ko bututan miƙawa sun cancanci zama a sahun ƙaramin haɗari ba. Matsin kasafi yana da nasa kason, domin sashen da ake ce wa ya rage kuɗi ba zai je neman sabon aiki mai tsada a wurin da takardu suka ce lafiya ba. Giɓin doka ma haka: masu Trans-Alaska, da doka ta hau kansu, suna shara duk mako biyu a bututun da man nan ɗin dai yake shiga.

Abin da ya yi aiki a fili yake. Umarnin 15 ga Maris ya ƙi yarda da cewa matsalar ta tsaya a inda ta ɓulla, ya tilasta a leƙa cikin bututun da ake ganin lafiyarsa lau. Shi ya sa aka kama yoyon Agusta yana ganga 23, ba dubu 5 ba. Awon kauri da aka ƙara bayan Maris bai gano waɗannan ramuka ba, tafiya ɗaya ta na'urar leƙen ciki a mil 3 ta gano su. A gyaran dindindin kuma, rage faɗin bututu ne ya taɓa tushen ciwon, domin ya hana lakar wurin kwanciya, magogi da magani suka zama ƙari a kansa.

Wannan maganin ma yana da wa'adinsa. Man filin ya ci gaba da raguwa bayan 2008, wani kamfani ya karɓi gudanar da shi a 2020, kuma abin da ke fita a yau bai kai na 2006 ba. Gudun man a sababbin bututan yana raguwa tare da shi, saboda haka lissafin da aka yi wajen zaɓar faɗinsu da tazarar da ke tsakanin shara da shara yana buƙatar a riƙa sake shi duk lokacin da yawan man ko ruwansa ya canza.